Ƙwayar Shinkafa a Kan Noti

Zuwa ga Uwargida Tamae,

Ki taimake ni da shawara, domin na faɗa hannun masu ilimi, kuma ilimin nasu ya fi ƙarfina. Shekara arba'in da ɗaya na yi zaune a shagon noti a gabashin Osaka, ina awo, ina ƙulli, amma sai bana na samu labarin ashe ban san noti ba. Wanda ya wayar min da kai wani babban masani ne, bari in kira shi Malam Ubukata. Na sauya sunayen kowa, amma duk wanda ya taɓa ganin farar safar hannunsa zai gane shi. Mutumin kirki ne ƙwarai. A ofishin inshora ya yi aiki har ya yi ritaya, sifana ba ta taɓa ɓata masa tafin hannu ba, amma zai durƙusa gaban tsohuwar mota da madubin ƙara girma rataye a wuya, ya leƙa ƙarƙashinta na minti biyu, ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya gaya miki watan da aka ƙera ta, har da ko wanda ya ɗaura tayar bahago ne. Irin wannan baiwa ba a samun ta a kasuwa. Mu can sai mun taɓa abu muke sanin sa.

Bari in fara daga farko, ko da yake idan raina ya ɓaci ba na iya bin layi.

'Yata ɗaya ce, Chizuru. Mijinta Motoharu likitan haƙori ne, ba shi da mugunta, sai dai duk wanda ya fi shi ɗaga murya shi ne mai gaskiya a wurinsa. Shekara shida da suka wuce ya sayo wata tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, ƙirar 1968, daga rumfar wani manomin lemo a Wakayama. Tun 1974 take kwance a can ba wanda ya taɓa ta sai ɓeraye. Ya shiga ƙungiyar masu irin wannan mota. Ke kin san su. Ba gudu suke gasa a kai ba, asali suke gasa a kai: kowane noti, kowace washa, sai ya zama wanda aka ɗaura a masana'anta ranar farko. Malam Ubukata shi ne alƙalinsu, kuma ya wallafa musu wani ɗan littafi da suke riƙewa da hannu biyu.

Noti goma sha huɗu ne ke riƙe da ƙafar gaban motar nan. Su ne tsakanin taya da jikin mota, su ne tsakanin sitiyari da kwalta. A littafin Malam, shafi na talatin, an rubuta cewa notin ƙafar gaba na asali ba shi da lamba a kansa, sai wani ɗan tudu a gefe, kamar ƙwayar shinkafa. Wanda kuma aka gani da lamba bakwai, wai na kanti ne, daga baya aka sa. To motar Motoharu, da ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana barci, duk goma sha huɗun lamba bakwai ne a kansu. Me kike tsammani ya yi? Ya kwance su, ya zuba a gwangwanin alawa, ya shekara biyu yana bin garejoji da kasuwar tsofaffin kaya yana farautar ƙwayar shinkafa ɗaya bayan ɗaya.

Ni ban san da wannan ba. Ba a gaya wa surukuwa irin waɗannan manyan al'amura.

A watan Yuli ya cika goma sha huɗunsa, ya gayyato Malam gida ya sa musu albarka kafin a ɗaura. Ni aka kira in zo in soya wainar kabeji. Ina shigowa da faranti sai na ga an jera noti a kan farin ƙyalle bisa tire, su biyu sun sunkuya a kai kamar masu duba jariri. Na ajiye farantin, na ɗauki ɗaya. Uwargida, tun kafin in juya kansa hannuna ya gane shi. Nauyinsa kawai.

Notina ne. Daga shagona ya fito.

A 1977 marigayi mijina Genzo ya ba wata ƙaramar masana'anta ta cikin lungu aikin noti, don wani mai haɗa kantocin ƙarfe na ajiye kaya. Ƙarfe ne mai laushi, na riƙe kantar kaya, ba na riƙe rai ba, shi ya sa ba a buga masa lamba. Abin da ake buga kan notin da shi ya ɗan guntule a gefe, sai kowane noti ya fito da ƙurji. Mai kantocin ya ce ba ya so, sun yi muni. Suka zauna mana buhu-buhu, muka riƙa sayarwa a kan sikeli. Tsawonsu da kaurinsu da haƙoransu sun yi daidai da na ƙafar gaban wannan mota, kuma a lokacin motar ba abar alfahari ba ce, akwalar ɗalibai ce. Makanikai uku na unguwarmu suka gano haka, suka riƙa zuwa da leda. Na san inda suke kai su? Na sani. Ban tambaya ba, su ma ba su faɗa ba.

Daga baya na karanta littafin Malam. Mota goma sha ɗaya ya leƙa, takwas suna da ƙurjin, sai ya yanke hukunci. Bai tambayi kansa me ya sa duk takwas ɗin 'yan Osaka ne ba. Ni ina iya gaya miki sunan makaniken da ya ɗaura kowanne, da irin sigarin da yake sha.

To a ranar na yi magana, kada ki ce ban yi ba. Na ce, “Malam, wannan notin na san shi.” Ko ɗago kai bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce, “Ai yanzu kowa ya san shi, Baba, tun da na rubuta. Shayin nan kamar ya huce, ko za a ɗan sake mana?” Motoharu kuwa ya zabura ya ce, “Mama, don Allah a ajiye, gumin hannu yana kawo tsatsa.” Gumin hannuna! Hannun da ya auna notin nan tun shi yana rarrafe! Chizuru ta ja ni kicin ta ce, “Inna, yau ɗaya dai ki bar shi ya ji daɗinsa, shekara biyu fa yana nema.”

Na sake musu shayin. Mai zafi sosai, na rusuna na miƙa. Abin da kasuwa ta koya min shi ne idan mai saye ya raina ni, ba na gardama da shi a ranar. Ina barin sa ya saya ya tafi.

Washegari na buɗe ɗakin ajiyar da ke bayan tsohon shagon. Buhu ɗaya ya rage, kilo talatin, a cikin maiƙonsa, ko tsatsa babu. Abin da manyan mutane suke yi wa layi, suke sa safar hannu kafin su taɓa, ga shi jibge ƙarƙashin tsohuwar fanka.

Ga shirina. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, saura mako uku ke nan, ƙungiyar za ta yi taronta na shekara a filin ajiye motoci da ke saman dutsen Rokko. Malam zai yi jawabi a kan ƙwayar shinkafa, kuma motar Motoharu za a ɗaga a jak a matsayin misali. Na riga na yi magana da maƙwabciyata mai sayar da kifi, za ta kai ni da motar kayanta. Zan turo buhun a baro har gabansa, in kwance bakinsa, in juye a kan takalmansa, in rusuna in ce, “Malam, ga ragowar na asalin. Kilo nawa za a auna maka?” Na maimaita wannan magana a gaban madubi har na san inda zan ɗan tsaya kafin “kilo”. Na gaya wa hoton Genzo da na kunna masa turare, kuma na rantse kamar ya yi dariya.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto miki, don ba neman yabo nake ba.

Tun watan Agusta motar tana kan hanya. Kowace Lahadi Motoharu yana hawa Rokko da ita, Chizuru a gefensa da taswira a cinya. Kin san hanyar, kwana bayan kwana, ga dutse ga rami. Ƙarfe mai laushi ba ya karyewa farat ɗaya kamar gilashi. Miƙewa yake yi kaɗan-kaɗan, sai ya yi sako-sako, sai ya fara wasa a cikin raminsa, sai wata rana. Lahadin da ta wuce sun biyo ta gidana cin abinci, Chizuru tana dariya take ce min motar ta fara wani ɗan ƙwas-ƙwas a gaba idan an shiga kwana. Motoharu ya ce, “Muryar tsofaffin motoci ke nan, Mama, Malam ya ce kowacce da tata.” Na ƙara musu shinkafa.

Ina lallashin kaina da cewa motoci takwas sun yi shekara arba'in da notin nan ba abin da ya same su, mako uku ba zai zama komai ba. Kuma na san surukina. Idan na gaya masa yau, gobe da safe yana ƙofar Malam yana ba da haƙuri. Malam zai gyara littafinsa a ɓoye, ya fito ya ce bincikensa ne ya gano sabon abu, a tafa masa, ni kuwa in ci gaba da zama mai kawo shayi har in mutu. Wannan ba zan iya haɗiye shi ba. Shekarata saba'in da uku, ban taɓa barin wanda ya taka ni ya tafi da takalminsa a tsabtace ba.

Don haka tambayata biyu ce. Ta yaya zan hana Chizuru shiga motar nan na mako uku ba tare da na faɗi dalili ba? Na yi tunanin ciwon baya duk Lahadi, amma yarinyar tana gane ƙaryata daga yadda nake riƙe kofi. Shi Motoharu ya hau abinsa, ai shi ya zaɓi malaminsa. Ba haka nake nufi ba, amma tun da na rubuta bari in bar shi. Ta biyu, a ganinki buhun nan kafin jawabin zan juye shi ko bayansa?

Taki,
Mai sikeli, gabashin Osaka

*

Baba Mai Sikeli,

Wasiƙarki ta ba ni dariya har zuwa inda kika ƙara musu shinkafa. Daga nan dariyar ta tsaya.

Bari in fara ba ki haƙƙinki, don kina da shi. A kan ƙarfe, gaskiya taki ce, kuma ba na bukatar in ga buhun. Malam Ubukata ya leƙa motocin unguwa ɗaya ya kira abin da ya gani tarihi. Da wadda ta fi shi sani ta buɗe baki, ya aike ta kicin. Surukinki ya ga an wulaƙanta uwar matarsa a cikin gidansa, abin da ya dame shi shi ne tsatsa. Duk wannan rashin kunya ne, kuma ba na cikin masu cewa tsohuwa ta yi haƙuri don kawai ta tsufa.

Amma ki daina cewa kin yi magana. “Na san notin nan” ba magana ba ce, buɗe ciniki ne. Kin jefa ƙugiya kina jira a tambaye ki, ba a tambaye ki ba, sai kika yi fushi kika naɗe tabarmarki. Maganar da ya kamata ta fito daga bakinki gajeriya ce: wannan ƙarfen kantar ajiye kaya ne, kada a ɗaura shi a ƙafar mota. Da kin faɗe ta, ko daga bakin ƙofar kicin ne, da wannan wasiƙa ba ta zo min ba. Wata uku kina riƙe da ita kamar kayan da kike jira su yi tsada.

Kin yi wa Malam dariya don ya ƙirga mota takwas ya yanke hukunci, sannan kika ɗauki takwas ɗin nan dai nasa kika kwantar da hankalinki da su. Waɗanda suka kai yau su ne ya gani. Buhu nawa makanikan nan uku suka kwashe daga shagonki? Motocin da notinki ya saki a hanya ba sa zuwa taron shekara, Baba, kuma ba wanda ya dawo ya gaya miki. Ban ce an yi ba. Na ce ba ki sani ba, kuma ke ce kika rubuta da hannunki cewa ba ki tambaya ba. Ki tuna da wannan lokacin da kike gwada rusunawarki a madubi. Idan notin nan ya zube a gaban jama'a, tambayar farko ita ce yaya Malam ya yi kuskure. Ta biyu, kuma wani zai yi ta, ita ce wa ya sayar.

Tambayarki ta farko ba zan amsa ta ba. Ba zan taya ki ƙirƙiro ciwon baya don 'yarki ta zauna a gida mijinta ya hau dutse shi kaɗai ba. Kin ce ba haka kike nufi ba, na yarda. Amma ki sake karanta layin a matsayin Chizuru, ranar da za ta gane kin sani tun Yuli.

Ga abin da za ki yi. Yau, ba gobe ba, ki kira Motoharu ki ce masa kada motar nan ta motsa ko zuwa bakin titi. Kada ki roƙa, ki yi masa muryar da kike yi wa mai son guduwa da kaya. Sannan ki je da noti biyar daga buhunki, ki sa ya zaro ɗaya daga gwangwanin alawarsa. Ya danne kowanne a matsin ƙarfe irin na makanikai, ya sa doguwar sifana ya murɗa da hannunsa. Naki zai lanƙwashe tun bai yi gumi ba, mai lamba bakwan zai sa shi nishi. Mutum ne da ya saba da bambancin haƙori mai kyau da ruɓaɓɓe, hannunsa zai gaya masa abin da kunnensa ya ƙi ji daga gare ki. Bayan haka a ɗauki motar a kan babbar mota, ba a tuƙa ta ba, a kai wa makaniken gaske ya duba ramukan da notin ya yi wasa a ciki. Sababbin noti masu ƙarfi za a ɗaura. Na asalin sun yi shekara arba'in da ɗoriya cikin laima, ya wanke su ya jera a akwatin gilashi ya nuna wa abokansa, nan ne wurinsu.

Sai Malam. Ba motar surukinki kaɗai ke yawo da notin kantocin kaya a ƙafa ba. Duk wanda ya yarda da shafi na talatin yana kan hanya yanzu, kuma kowannensu yana da wanda yake ɗauka a kujerar gefe. Ki sayi alawar wake mai kyau, ki sa Motoharu ya raka ki har gidan Malam, ya ɗauki buhun da kansa. Ki ajiye shi a bakin tabarmarsa, ki ba shi kwana uku ya sanar da 'yan ƙungiya, da sunanki a cikin sanarwar. Ki faɗa masa wannan sharaɗin a fili, surukinki yana shaida. Idan ya yi, kin samu abin da kike so, har ma ya fi, domin mutumin da ya aike ki kawo shayi zai rubuta da alƙalaminsa cewa ke kika gyara shi. Idan ya ƙi, ki rubuta wa shugaban ƙungiyar a rana ta huɗu, ki sa noti guda a cikin ambulan. A nan ba wanda zai ga laifinki. Tambayarki a kan kilo kuwa tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ki yi masa ita a ɗakinsa, za ta shiga daidai yadda za ta shiga a saman dutse.

Abu mafi wuya na bar shi a ƙarshe. Ki gaya wa Chizuru da bakinki tun yaushe kika sani. Za ta yi fushi, kuma tana da hujja. Kada ki kare kanki da labarin shayi. Ki saurara, ki ba ta haƙuri, ki bar ta ta huce a lokacin da ta ga dama.

Ina yi miki fatan lafiya da tsawon kwana, ke da 'yarki, da surukin da ba ki zaɓa ba amma ita ta zaɓa. Idan kuma har yanzu zuciyarki tana kan taron, to ke ce gwanar awo, ba ni ba. A cikin goma sha huɗun nan, wanne kika auna kika tabbatar zai jira ki har ƙarshen Oktoba?

Tamae